Ɗakin da Jibirilla Ya Kama a Turai

Ni tela ne, sunana Ɗan Talata, shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a bakin kasuwar Gure. Bango ɗaya ya raba shagona da na Jibirilla mai sharjin talho, wato wayar hannu, saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi a bakin wani ba. Rabinsa a ƙofar shagona aka yi shi, har kashin shanu ya ɓata mini yadi huɗu na shadda.

Jibirilla ya taɓa yin wata uku a Damagaram yana koyon odinatar, wato kwamfuta. Wata ukun nan mu muka sha wahalarsu. Tun da ya dawo ya hana a kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, sai Anjiniya. In ka kawo masa talho ya mutu, sai ya cire batir, ya hura masa iska, ya mayar, ya ce maka ya sake masa tsari daga ciki.

Wata safiya ya faɗo shagona ko sallama babu.

"Ɗan Talata, ajiye allurar nan ka taya ni murna. Na kama ɗaki a Turai!"

Na ce, "Kai da har yau a zauren surukinka kake ajiye babur?"

"Jahilci dai bai yi ba. Sarbar ake ce masa. Wata ƙatuwar odinatar ce a ƙasar Turawa, ba ta barci, ba a ɗauke mata wuta. Masu ita sun yanka cikinta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya, kowa da mabuɗinsa. Abin da ka zuba a ɗakinka, mai talho ko a dajin Alakos yake zai gani."

"To nawa ne hayar?"

Ya sassauta murya. "Kuɗin shayi da burodi na safe biyu, wata guda cur. Ragi suka yi, kashi casa'in cikin ɗari. Saura minti goma ragin ya ƙare na cafke shi. Allah ne ya so ni."

Ya miƙo mini talhonsa. Na ga hoton damisa tana gudu, ƙarƙashinta wani jan agogo yana cewa saura minti goma. Na ce masa ai har yanzu saura minti goman. Ya ce agogon Turai ne, ba ɗaya yake da namu ba. Ya ja ƙasa ya nuna mini abin da masu haya suka rubuta a kan kamfanin, kowa tauraro biyar, kowa yana cewa bai taɓa ganin irinsa ba. Mutum ɗari da wani abu, ko ɗaya babu wanda ya yi ƙorafi. Ni da nake ɗinki na san ko uwarka ka ɗinka wa riga sai ta ce wuya ya yi faɗi.

Abin da zai zuba a ɗakin kuwa cigiya ce. A Gure, in dabbarka ta ɓata ko ka tsinci ta wani, wurin Baba Aisami kake zuwa. Tsoho ne siriri, ran kasuwa sai ya hau wani tsohon ganga a bakin turken shanu ya ɗaga murya ya faɗi kamar dabbar da tsagar kunnenta. Shekara talatin yana wannan aiki, babu alamar garken da bai sani ba daga Kelle har Bune. Shi Jibirilla ya yi niyyar saukewa daga gangan.

Har inda tsohon ke zaune ya same shi, ina biye don kada abin ya wuce ni.

"Baba, lokacin hutunka ya yi. Muryarka iyakarta bakin kwalta. Tawa har Amirka za a ji ta."

Baba Aisami ya gama tauna goronsa. "Akuyar wa ta ɓata a Amirka?"

"Misali nake ba ka."

"To Allah ya ba da sa'a, ɗana. In ta kai can ka gaishe su."

Ni na ɗinka masa tutar da ya rataya a ƙofa, fari da kore, an rubuta Cigiyar Zamani, Anjiniya Jibirilla. Kwana biyu babu wanda ya leƙo. Rana ta uku sai ga Boyi.

Boyi Bafillace ne makiyayi daga wajen Alakos, mutum mai kunya, in yana magana ƙasa yake kallo. Saniya ta ɓace masa, kuma ba tasa ba ce. Habbanaye ce, irin saniyar da mai garke ke bai wa wanda ba shi da ita, ta haifa masa 'yan maruƙa su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Lokacin da fari ya cinye shanun Boyi, wani dattijo Bubakar daga Kelle ya ba shi ita. Ta haifa masa biyu, wa'adi ya cika, Bubakar ya aiko cewa kasuwa ta uku mai zuwa zai zo Gure ya karɓi abarsa. Sai ga shi hadari ya tarwatsa garke, kowace ta dawo ban da ita. A wurinsu gara taka goma su ɓata da ta amana ɗaya.

Jibirilla ya ce, "Me ya hana ka zuwa wurin Baba Aisami?" Yana tambayar yana murmushi, don ya san amsar za ta yi masa daɗi.

"In ya faɗa a kasuwa, kafin la'asar Baffa Bubakar ya ji. Da wane ido zan dube shi? So nake a samo ta ba tare da kowa ya ji ba."

"Ka zo gida! Ɗakina na sirri ne, da kalmar sirri ake shiga. Kawo hotonta."

Boyi ya ɗago kai karo na farko. "Hoton wa?"

"Saniyar mana."

"Anjiniya, ta ɓata fa."

"Ba ka taɓa ɗaukarta hoto ba?"

"Don me? Na santa."

Sai a lokacin Jibirilla ya gane abin da bai lissafa ba. Duk tsarin nasa a kan hoto ya gina shi, alhali dabbar da ta ɓata ba ta tsayawa a ɗauke ta. Boyi ya sunkuya ya raɗa masa kamarta da tsagar kunnuwanta. Jibirilla yana gyaɗa kai, ko biro bai ɗauka ba. Abu ɗaya ya riƙe, wai ja ce. Ya ce wa Boyi ya koma daji ya ci gaba da nema, shi kuma zai nema ta sama.

Bayan kasuwa akwai gidan Hajiya Zuhura mai fura da nono. Tana da saniya ɗaya tak, ja, gajeren ƙaho, ta yi ƙiba har wuya ya ninke. Amarya take ce mata. Dusa take ci da harawa, in an yi sanyi har buhu ake lulluɓa mata. Jibirilla ya taka bulo, ya leƙa ta katanga, ya ɗauki Amarya hoto tana tuƙa.

Na ce, "Wannan ai saniyar Hajiya ce."

"Samfuri ne. Ja dai ja ce."

Ya ɗora hoton ya rubuta a ƙasa cewa wannan saniya ta ɓata, ta Boyi ce na Alakos, wanda ya gan ta ya kawo shagon Anjiniya, akwai tukuici. Ya kulle da kalmar sirri ya zauna yana jira. Na ce masa cigiyar da aka kulle wa zai gan ta? Ya yi tunani har shayinsa ya huce, sannan ya sauko da tutar ya ce in ƙara ɗinka kalmar sirrin a ƙasa da manyan baƙaƙe, yadda za a hango daga tasha. Na ɗinka. Ni aikina ɗinki.

Ran kasuwar farko mutane suka taru, kowa da talho a hannu. Aka shiga ɗakin Turai. Wani ɗan da'ira ya kama juyawa. Ya juya, ya juya, har mai tsire ya je ya juya namansa ya dawo. Can sai hoton ya fara saukowa daga sama, layi-layi. Katanga ta fito. Ƙaho ya fito. Ya iso daidai goshi ya tsaya cak.

Wani ya ce, "Ƙaho ne ya ɓata?"

Wani ya ce, "A'a, ƙahon aka samu, saniyar ake nema."

Jibirilla yana zufa ya ce rezo ne, wato sabis ɗin talho ya yi rauni. Aka nuna masa rezo cike. Ya ce to maƙwabtansa na can gidan hayar ne suka cika hayaniya. Daga baya wani mushe, wato malamin makarantar lakwal, ya bayyana mini cewa a nan gaskiya ya faɗa bai sani ba. Irin waɗannan masu arahar, gidan mutum hamsin sukan cusa ɗari biyar, ƙofa ɗaya, kowa kuma an ce masa shi kaɗai ne.

Ya rubuta wa kamfani ƙorafi. Kafin ya ajiye talho amsa ta zo.

"Ka gani? Ka ga Turawa? Ko numfashi ban yi ba!"

Na yi lakwal har aji shida, ina ɗan tsintar Faransanci, na karɓa na karanta. Sun ce saƙonsa yana da daraja ƙwarai a wurinsu, lambarsa dubu arba'in da takwas da wani abu, ya yi haƙuri. Ya sake rubutawa, amsar nan dai ta dawo, lamba ta ƙaru da ɗaya. Ya rubuta zagi, suka ce zaginsa yana da daraja ƙwarai a wurinsu. A na huɗu ne aka ce masa in yana son a duba matsalarsa da wuri, a kuma ƙara masa wata ɗaya kyauta, ya ba kamfani tauraro biyar ya haɗa da hotonsa.

Ya ari babbar rigar wani ango da ke rataye a shagona, ya sa gilashi, na ɗauke shi hoto yana ɗaga babban yatsa. Ya rubuta, "Kamfani na ɗaya a duniya. Bai taɓa ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Anjiniya Jibirilla, Gure."

Na ce, "Yanzu na gane mutum ɗarin nan."

Ya ce, "Ɗinka wandonka."

Da kasuwa ta watse, masu shiga suka ragu, hoton ya samu ya sauko har kofato. Abin da ya jawo mana bala'i ke nan. Washegari da hantsi Hajiya ta saki Amarya ta sha iska a bakin rariya kamar kullum. Wasu 'yan kabu-kabu biyu suka dubi talho, suka dubi saniya, suka dubi juna. Sai gani na yi sun taho da ita, ɗaya na ja ɗaya na turawa, Amarya na kuka, a bayansu Hajiya Zuhura da ludayin fura, mayafi a hannu.

"Anjiniya, ga ta! Tukuicinmu!"

Hajiya ta iso tana haki. "Wane ɗan banza ne ya ce Amarya ta ɓata?"

Jibirilla ya fito yana gyara wuyan riga. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Gwaji ne. Kin ga dai tsarin yana aiki, cikin kwana ɗaya aka samo ta."

"Aka samo ta a ina? A ƙofar gidana? Jibirilla, ni na yi wa uwarka wankan jego, kada ka sa in tuna maka!"

Ya rantse zai cire hoton. Ya shiga ɗakin Turai don ya cire, ɗan da'ira ya kama juyawa har aka kira azahar.

Ana haka wasu masu ɓatan dabbobi suka fara zuwa, don sun ji an ce an samo saniya cikin kwana ɗaya. Su ma ba su da hoto. Kuma ɗakin da ya kama, ashe ƙanƙane ne, hoto biyar ya ɗauka ya ce ya cika. Sai Anjiniya ya yanke hukunci cewa kowane iri hoto ɗaya ya isa. Duk saniyar da ta ɓata a ƙasar Gure, ja ko fara ko baƙa, Amarya ce a hoto. Duk jakin da ya ɓata, jakin Yakubu mai ruwa ne. Awaki kuwa akuyar liman ya ɗauka.

Kai, wannan mako ban ga irinsa ba. Sau huɗu ana kawo Amarya. Sau ɗaya mutum biyu suka yi dambe a kanta, ɗaya ya ce ta Boyi ce ya tsinta, ɗaya ya ce ta wani mutumin Bune ce, kowa da talho a hannu yana nuna hoto iri ɗaya. Jakin Yakubu aka kwance shi daga amalanke da jarkokin ruwa a kai, unguwa guda ta wuni ba ruwa. Akuyar liman har ta saba, da safe da kanta take zuwa ta tsaya a ƙofar shagona tana cin ƙyallaye. Hajiya ta ɗaure Amarya a ɗakin kwananta, nono ya ƙafe saboda firgita, fura ta yi tsada. Duk wanda ya sha fura gaya a makon nan ya san sunan wanda zai zaga.

Boyi ya zo a kasuwa ta biyu, ya rame, leɓɓansa sun tsage. Ya ga hoton ya ce, "Anjiniya, wannan ba ita ba ce."

"Na sani. Wakiliyarta ce."

"Tawa doguwa ce, ƙahonta..."

"Boyi, kai ka san daji, ni na san na'ura. Saura kwana bakwai, ko? Koma ka bar mini."

Ya koma, wallahi har ya ba ni tausayi. Ya bi ta gaban gangan Baba Aisami, ya ɗan tsaya, sannan ya sunkuyar da kai ya wuce.

Saura kwana biyu Bubakar ya zo, sai ga wani Babarbare manomi daga wajen Bune, sunansa Modu, a kan tsohon babur. Ya ce saniya ta shigo masa gona kwana goma sha tara da suka wuce, ya ɗaure ta, tana cinye masa harawa, ya zo cigiya aka ce masa yanzu cigiya ta koma nan. Ya fito da talho ya nuna hoto. Ja ce, doguwa, ƙaho kamar an buɗe hannu biyu, da fari a goshi.

Jibirilla ya ɗora talhon Modu kusa da nasa. Ya dubi wannan, ya dubi Amarya. Ya kanne ido ɗaya ya sake dubawa.

"Ba ta cikin waɗanda ake nema."

Na leƙo ta taga na ce, "Anjiniya, ja ce fa. Ba za a kira Boyi ya duba ba?"

"Boyi na daji, ba rezo. Dubi ƙahon nan, dubi wannan. Sun yi kama? Na'ura ba ta ƙarya."

"Amma hoton da ke na'urar ai kai ka..."

"Ɗan Talata, ni ne anjiniya ko kai?"

Ya sallami mutumin. Raina ya ɓaci, na ajiye almakashi na bi Modu har bakin hanya, na nuna masa lungun gidan Baba Aisami. Abin da suka yi a can ban sani ba a lokacin.

Ran kasuwa ta uku Jibirilla ya shirya abin da ya kira bikin buɗewa. Ya ce abin da ya hana mutane ganin amfanin tsarin shi ne ƙanƙantar allon talho. Ya aro ƙatuwar tele daga gidan kallon ƙwallo, ya aro gurup, injin wuta mai hayaƙi, ya jera benci. Ya sake aron rigar angon. Jama'a suka cika, ba don cigiya ba, kowa ya zo ganin abin da zai faru da Amarya yau. Hajiya ma ta zo, ta zauna a gaba da ludayinta a cinya.

Ana cikin haka Bubakar ya iso, dogon dattijo da malafa da sanda, da ƙannensa biyu a baya. Boyi na tsaye a gefen shagona, ƙafafunsa duk ƙaya. Ya matso ya ce a hankali, "Anjiniya, akwai labari?"

"Yanzu za ka gani a babban allo."

Ya tashi gurup, ya yi jawabi mai tsawo a kan zamani da masu hana zamani tafiya, yana satar kallon gangan Baba Aisami. Sannan ya danna. Wannan karon ko juyawa ɗan da'irar bai yi ba, shafi ya buɗe farat ɗaya. Jibirilla ya ce, "Kun ga gudu?"

Sai dai babu Amarya, babu jaki, babu akuya. Damisar ma babu, an sa shaho. Rubutu ne manya-manya. Mutane suka ce, "Tela, karanta mana!" Ni kuwa na gyara murya, ban rage ko harafi ba.

"Sun ce kamfani ya canza suna. Sun ce tsofaffin ɗakuna duka an share su da abin da ke ciki, suna godiya da amincewarmu. Sun ce wanda ke son sabon ɗaki, an yi ragi kashi casa'in da biyar, saura minti goma."

Wani ya ce, "Ja ƙasa, akwai hoto!"

Jibirilla ya kai hannu zai kashe, Yakubu mai ruwa ya riƙe masa hannu. Aka ja ƙasa. Sai ga Anjiniya ya cika allo, rigar ango, gilashi, babban yatsa sama, taurari biyar a kansa.

Na karanta, "Kamfani na ɗaya a duniya. Bai taɓa ba ni kunya ba ko sau ɗaya."

Kasuwa ta fashe. Mai tsire ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Angon da ke da rigar ya gane abarsa a tele ya fara ihu. Hajiya ta ce a bar hoton kada a kashe, ita yau ta samu nata tukuicin.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Boyi ya dubi allon, ya dubi Jibirilla. Ya ratsa mutane har gaban Bubakar, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baffa, saniyarka ta ɓata a hannuna yau kwana ashirin da ɗaya. Na ɓoye maka. Ba ni da abin cewa."

Bubakar ya jingina da sandarsa.

"Tun makon farko aka nuna mini a talho, wai saniyar Boyi ta ɓata. Na ga wata mai ƙiba kamar matar ɗan kasuwa. Na ce alhamdu lillahi, Boyi ya yi arziki har yana ɓatar da irin wannan, tawa dai tana nan lafiya."

Hajiya ta ce, "Ahir, Amarya ce!"

Bubakar bai kula ta ba. "Boyi, saniya ƙafa gare ta, takan ɓata. Tawa nawa suka ɓata? Abin da ya yi mini zafi, ka kai maganata Turai, ni da ke nan Kelle ba ka kawo mini ba."

Boyi ya share ido da bakin rawani. Ya miƙe ya nufi gangan. Kowa na ji ya ce, "Baba Aisami, a yi mini cigiya. A faɗi sunana."

Tsohon ya ce, "Tun shekaranjiya nake jiran ka ce haka." Ya hau gangan da ƙyar, ya sa hannu a kunne.

"Jama'a, a saurara! Saniya ja, doguwa, fari a goshi, kunnen dama tsaga biyu, na hagu an ɗauke baki! Alamar gidan Bubakar na Kelle, amana a hannun Boyi na Alakos! Wanda ya gani don Allah!"

Ko rufe baki bai yi ba aka ji wata murya daga bayan rumfar mahauta. "Ga ta nan, ta cinye ni!" Sai ga Modu yana janye da ita. Ashe tun da tsohon ya ga kunnuwan a talhon Modu ya san ta wa ce da hannun wanda take, ya ce wa Modu ya kawo ta ran kasuwa ya ɓoye, kada ya fito sai ya ji kira.

Saniyar ta hango Boyi ta fizge igiya ta nufo shi. Ya rungume wuyanta, babba da shi yana kuka a tsakiyar kasuwa, ba wanda ya yi masa dariya sai Modu, shi ma don wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ne.

Modu ya ce, "A shaida, Bafillace ya ɓatar da saniya, Babarbare ya yi masa kiwo! Daga yau ni ne ubangidanka."

Boyi yana share hawaye ya ce, "Kiwo? Dubi yadda ta rame. Me ka ba ta, barkono?"

Ya ɗauki igiyar ya miƙa wa Bubakar da hannu biyu. Dattijon ya karɓa, ya duba kunnuwa, ya duba kofato, ya ja ta. Taku uku ta yi ta tsaya, ta waiwaya tana kallon Boyi. Ya sake ja, ta ƙi. Ya yi tsaki ya jefa wa Boyi igiyar.

"Ta ƙara haihuwa ɗaya a wurinka. In ta sake ɓata, ni za ka fara gaya wa."

Na juya in ga Anjiniya. Angon ya riga ya tuɓe masa rigar, yana tsaye da singileti, talho a hannu. Ya matso kusa da ni ya raɗa mini, "Ɗan Talata, kashi casa'in da biyar fa. Wannan na shaho ne, ba irin na damisa ba. Saura minti goma."

Ana cikin haka Hajiya Zuhura ta kwance bakin zani ta miƙa wa Baba Aisami goro biyu ta raɗa masa magana. Tsohon ya sake hawa gangan.

"Jama'a, a ƙara saurara! Ɗaki ya ɓata a Turai, na Jibirilla mai sharji! Wanda ya tsinta don Allah!" Ya sauke hannu daga kunne ya leƙo ƙasa. "Ɗana, faɗa mini alamarsa in ƙarasa. Tsagar a kunnen dama take ko na hagu?"

Jibirilla ya sunkuya yana danna talhonsa. Akuyar liman kuwa ta samu bakin tutar da na ɗinka, ta fara ci daga wajen kalmar sirrin.